Asalin Sunan Hauwa da Yadda Ya Zauna a Birnin Kano

Duk wanda ya ratsa lungunan Madabo, ko Yakasai, ko Sharifai, ya saurari kiran da iyaye ke yi wa 'ya'yansu mata, lalle ba zai yi nisa ba sai ya ji an ce Kulu ko Jidda, alhali kuwa sunan yanka na waɗannan yara, wanda liman ya raɗa da asubar ranar bakwai aka raba goro da dabino a kansa, shi ne Hauwa'u.

Asalin sunan daga lugar Ibrananci yake, inda Littafin Farawa na Attaura ya danganta shi da kalmar rayuwa, ya kuma bayyana cewa Annabi Adamu ne ya sa wa matarsa shi domin ita ce uwar masu rai. Alƙur'ani mai girma bai ambace ta da suna ba, sai dai ya kira ta matar Adamu, domin Nana Maryam kaɗai ce macen da ya ambata da sunanta. Amma hadisai da littattafan tafsiri sun kawo sunan Hauwa'u, kuma ta wannan hanya ta malamai ya iso ƙasar Hausa.

Tarihin Kano ya nuna daɗewarsa a cikin ganuwa, saboda matar Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ita ce Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi, kakar Muhammadu Kisoki, mace mai faɗa a ji a fada. Haka nan mahaifiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, sunanta Hauwa'u.

To, idan aka mayar wa jaririya sunan kakarta, alkunya kan hana uwa da uba furta shi, sai a saya mata da laƙabi. Laƙabin Jidda kuwa, ko Maijidda, yana tuna wa mutane birnin Jidda na Hijaz, inda alhazai suka daɗe suna jin cewa can kabarin matar Annabi Adamu yake, ga shi kuma a Larabci kaka ake nufi da jadda. Ashe ma'anar da ta faro tun Ibrananci ba ta ɓace ba, sai ma al'adar sakaya suna ta Hausawa ta ƙara tsare ta.