Hanya, inuwa da dandali: lafiyar gari tun ran gini

 A wannan fitowa mun duba ƙasar Cake, cikin gundumar Mayahi, jahar Maraɗi. Maganar da muka ɗauko ta shafi Cake, ta shafi garuruwan Mayahi da na Tasawa baki ɗaya. Ga ta a taƙaice: yadda aka tsara gari shi ke sa mutane su motsa jiki cikin sauƙi, shi ne kuma ke hana su.

Wani zai yi dariya ya ce: "Mu da ke wuni riƙe da hauya, wa zai koya mana motsa jiki?" Yana da gaskiyarsa. Amma mu duba garin da kyau tukuna.

Mutum uku a gari ɗaya

Ga mace. Tun asuba ta yi daka. Ta tafi rijiya, ta ja guga, ta ɗauko jarka mai lita 20. Nauyin wannan ruwa kilo 20 ne, bisa kanta, ga goyo a baya. Ta koma sau uku ko huɗu. Da la'asar ta shiga daji neman itace. Ita motsi ya yi mata yawa, har ya zama wahala. Ƙarshensa ciwon wuya da ciwon baya.

Ga magidanci ko saurayi. Da damina ya yi noma har ya rame. Da aka ɗaure hatsi aka sa rumbu, sai aiki ya ƙare. Wata bakwai ko takwas yana zaune bakin shago ko a fada, ana dafa shayi mai sukari. In zai je kasuwa, babur. In zai gaida surukai a unguwar gaba, babur.

Ga kuma tsoho. Yana son ya taka zuwa masallaci da ƙofar maigari. Amma lungun ya matse, rairayi ya yi zurfi, ruwan wanka ya kwanta a tsakiya, babu inuwa, babu wurin hutawa. Sai ya haƙura ya zauna zaure. Gwiwa ta sandare, ƙarfi ya tafi. Haka makaho yake, haka mai keken guragu, haka mace mai tsohon ciki.

Mutum ukun nan duk gari ɗaya suke. Gyaran gari ɗaya ne zai rage wa ta farko wahala, ya tada na biyu, ya fito da na uku.

Abin da likitoci suka gano

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi ma'aunin motsin da jiki ke bukata. Babba yana bukatar aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Tafiyar ƙafa da ɗan sauri ta kimanin kilomita 2 ta cika minti 30 ɗin nan. Yaro yana bukatar minti 60 kowace rana. Tsoho ma yana bukatar nasa, gwargwadon ƙarfinsa, domin kada ya riƙa faɗuwa.

Hukumar ta ce a shekarar 2022 kusan mutum 1 cikin 3 na manyan duniya ba su cika wannan ma'auni ba. Rashin motsi yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Da can muna kiransu ciwon ƴan birni. Yau sun shigo karkara. Binciken da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu ta yi a 2021 ya nuna fiye da mutum 1 cikin 4 na manyan Nijar suna da hawan jini. Da yawa ba su sani ba, domin ciwon ba ya sallama. Sai ran da ɓarin jiki ya shanye.

In magidanci ya kwanta haka, gona ta kwanta. A sayar da akuya, a sayar da hatsi, a ɗauki mota zuwa Mayahi ko Tasawa ko Maraɗi. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha.

Me ya sa hanyoyinmu ke matsewa?

Mun ƙaru. Ƙidayar 2001 ta samu mutum miliyan 2 da dubu 200 da ɗoriya a jahar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 3 da dubu 400. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Gida ya cika, sai a tura danga taku ɗaya cikin lungu. Gona ta yi kaɗan, sai a shuka layi biyu cikin hanya. Bana taku ɗaya, baɗi taku ɗaya. Bayan shekara goma amalanke ba ya wucewa, dandali ya zama gidaje, burtali ya zama gona. Babu wanda ya yi niyyar cutar kowa, amma kowa ya cutu.

Abubuwa biyar da gari ke bukata

Na ɗaya, hanya. Kowace babbar hanyar cikin gari ta zama da faɗin da amalanke biyu za su gitta, mai tafiya ƙasa kuma ya samu gefensa. A haƙa wa kowane gida ramin ruwan wanka a cika shi da duwatsu, domin kada ruwan ya kwanta a lungu ya tara sauro. A kwashe ƙaya da fasassun kwalabe. Inda rairayi ya yi zurfi, kamar ƙofar gidan likita da ta makaranta, a zuba jar ƙasa a daɓe. Hanyar da makaho zai bi da sandarsa ba tare da ɗan jagora ba, ita ce hanya mai kyau ga kowa.

Na biyu, inuwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40. Ba mai fita yawo cikin wannan rana sai dole. Amma in bedi ya jeru daga kasuwa zuwa rijiya, tafiya ta zama daɗi. A hanyar gona kuwa gawo ya fi. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana. Yana tohowa da rani, lokacin da muke neman inuwa. Ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne.

Wannan aiki mun san shi. A nan jahar Maraɗi sassaben zamani ya soma, wajen 1983. Manoma suka daina sare tohon kututture. Suka riƙa barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, suna yi musu aski. Da haka aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a gonaki hekta miliyan 5, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. Inda itatuwa suka dawo, mata sun rage doguwar tafiyar neman itace. Abin da muka yi a gona, mu yi shi a bakin hanya. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa tun 1975, kowane gida ya dasa ɗaya a ƙofarsa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke.

Na uku, ruwa kusa. Ma'aunin da hukumomin duniya ke aiki da shi shi ne: zuwa ɗiban ruwa da jira da dawowa kada su wuce minti 30. In za a haƙa rijiya ko a kafa famfo, a tambayi mata inda ya dace, tun da su ke ɗauka. Haka injin niƙa. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda suka soma a jahar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayi amalanke da jaki na ɗaukar ruwa. Maza masu babur da amalanke su ma su ɗauki rabonsu. Mace da aka sauke wa kilo 20 daga ka za ta taka zuwa awon ciki da ajin yaƙi da jahilci da ƙafarta, cikin natsuwa.

Na huɗu, dandali. Can ne ƴanmata ke gaɗa da farin wata. Can ne samari ke langa da kokowa bayan girbi. Ƴan kokowar da ke neman takobi a gasar ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, duk a irin wannan rairayi suka koyi kamu. Garin da ya sayar da dandalinsa ya tura ƴaƴansa zaman fada. A shata dandali, a kafa masa alama a kusurwa huɗu, a rubuta a takarda cewa na jama'a ne. Filin makaranta ma a kare shi, a bar yara mata da maza su yi wasa cikinsa. A cike kududdufin da ke kusa, ko a shinge shi, saboda ƙananan yara.

Na biyar, wurin hutawa. Tsoho yana iya tafiya mai nisa in ya san akwai inda zai zauna a tsakani. Dakali a gindin itace, ko kututture da aka gyara, ya isa. Tubali kaɗan ne da aikin yini ɗaya. A ƙofar gidan likita da makaranta, a yi gangare mai sauƙi maimakon matakala, domin keken guragu ya shiga.

Wa zai yi aikin?

Mu ne. Dattawanmu suna tune da gayyar da samariya ke yi a zamanin Seyni Kunce, ana share gari, ana gina azuzuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rana ɗaya a wata, in kowace unguwa ta fito, ta isa a gyara hanya guda.

Doka ma tana bayanmu. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. Dokar makiyaya ta 2010 ta ƙara kare burtali. Burtali hanyar dabbobi ce, amma mutane ma suna bin sa zuwa gona da kasuwa. In ya toshe, dabba ta faɗa gona, rigima ta tashi. Wanda ya ga ana cin hanya ko burtali ya gaya wa maigari da Kofo tun shuka ba ta yi ƙarfi ba.

Wasu ƙasashe sai da suka rasa suka koma nema. A Kigali, babban birnin Ruwanda, tun 2016 ake rufe wasu manyan tituna a wasu ranakun Lahadi da safe. A hana motoci, jama'a su fito su taka, malaman lafiya kuma su auna su kyauta. Mu namu filin yana nan tukuna. Tsare shi ya fi sauƙi bisa ƙwato shi.

Saboda haka, duk ran da za a yanka filayen sabuwar unguwa a Cake ko wani gari, mu halarta. Kafin a auna gida ko ɗaya, a fitar da hanya, a fitar da dandali, a fitar da wurin rijiya da na itatuwa. Mata su yi magana, tsofaffi da naƙasassu su yi magana. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Mu tattauna a aji

1. Wace hanya ce ta fi matsewa a garinmu, kuma yaushe ta soma?
2. Minti nawa mata ke yi zuwa ɗiban ruwa da dawowa?
3. Ina dandalinmu? An rubuta shi a takarda?
4. Wane tsoho ne ya daina fita, kuma me ya hana shi?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku kai wa maigari. Wanda ya kai shekara 40 kuma ya je gidan likita a auna jininsa, ko da ba ya jin ciwon komai. In tafiyar ba ta da nisa, ya bar babur a gida.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.