Wasiyya da Wakafi: Tanadin Mai Gida Kafin Ranar Rabon Gado

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, darajar ƙasa take ta hauhawa. Gonar da ake noma gero a cikinta jiya, yau ta zama filin gini. Gwargwadon tashin darajar dukiya, gwargwadon zafin jayayya a kanta ranar da mai ita ya kwanta dama. Rabon gado kam Allah Maɗaukaki Ya yanke shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, babu mai ikon sauya shi. Amma shari'a ta bar wa mai rai ƙofofi biyu na tanadi, wato wasiyya da wakafi.

Kafin magada su taɓa komai, ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya. Iyakarta sulusin abin da ya rage, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Idan mutum ya bar naira miliyan 9, jana'iza da bashi suka ci miliyan 3, to wasiyyarsa ba za ta wuce miliyan 2 ba. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun amince.

To wa wasiyya take amfana? Ga jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa, wanda baffanninsa suka shamakance shi daga gado. Ga agola da ɗan riƙo, ga makarantar allo da rijiyar unguwa. A cikinta ne kuma uba yake naɗa wasiyyi, amintaccen da zai kula da dukiyar marayunsa har su mallaki hankalin kansu. A nan ne ake bayyana basussuka da ajiyar mutane da gonar da aka karɓa jingina da ragowar sadaki. Ma'aikatan gwamnati su lura: rubuta sunan wani a takardar banki ko ta fansho a matsayin makusanci bai mai da shi mai dukiyar ba. Kuɗin na dukkan magada ne.

Wakafi kuwa, wanda littattafan Malikiyya suke kira hubusi, shi ne a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, a riƙa ciyar da amfaninta. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, ya sanya danginsa cikin masu cin moriyarta tare da matalauta. Ashe ke nan iyali ma ana yi musu wakafi. A ƙasar Dutse, inda dabino yake daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, wannan hanya ce ta hana garka tarwatsewa. Garkar da aka yanka wa mutum 15 ba ta ciyar da kowa, sai kowa ya sayar da ɗan yankinsa. Idan kuwa aka bar ta a dunƙule ƙarƙashin mai kula guda, kowace shekara a kai amfaninta kasuwar Shuwarin, kuɗin zai riƙa biyan karatun jikoki da maganin gwauraye da marayu.

Sai dai akwai sharaɗin da yake rushe wakafin mutane da yawa, shi ne hauzi. A mazhabar Imamu Malik, dole dukiyar ta bar hannun mai ita, ta koma hannun waɗanda aka yi wa ko mai kula da ita, tun yana da lafiya kuma bashi bai cinye dukiyarsa ba. Wanda ya ce gidansa wakafi ne amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, gidan ya koma gado. Abin da aka bayar a cutar ajali kuwa hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi. Haka nan Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ɓata hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza aka ware mata, domin wakafi ba dabarar kauce wa rabon Allah ba ne.

Dokar ƙasa ta san da wannan. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. Amma alƙali da hujja yake hukunci. Saboda haka gidauniya take kira ga iyalai, daga Kiyawa da Jahun zuwa Birnin Kudu da Gwaram, da su rubuta, su kafa shaidu biyu adilai, su fayyace iyakokin gona da maƙwabtanta, su haɗa da takardar mallakar fili, su ambaci mai kula da wanda zai gaje shi, sannan su sanar da iyali tun ana zaune lafiya.

Rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali, barinta kuma ba ya nisanta shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma da barin marayu a ƙofar kotu gwamma takarda guda da shaidu biyu. Allah Ya sa abin da muka bari ya zama sadaka mai gudana, amin.