Ke da Mijinki Duka AS Ne, Kuma Kina da Juna Biyu: Me Ya Kamata Ku Yi?

Ma'aurata da yawa ba sa sanin jinotaif ɗinsu sai an je awon ciki. Idan gwaji ya nuna ke AS ce, maigida ma AS ne, ki kwantar da hankalinki. Ba a tabbatar jaririn yana da amosanin jini, wato sikila, ba tukuna. Amma akwai matakan da ya kamata ku ɗauka tun yanzu.

Yadda ake gadon cutar

Yaro yana karɓar ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan iyaye biyu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 ya zo SS, kashi 50 ya zo AS, kashi 25 ya zo AA. Wannan lissafi yana sabunta ne a kowane ciki: haihuwar mai sikila a baya ba ta kare na gaba, haka ma haihuwar masu lafiya uku ba ta nufin na huɗu zai zo da ita. Kuma tunda daga ɓangare biyu ake gado, ba daidai ba ne dangi su ɗora wa matar laifi. Idan ɗayanku AC ne, yaro na iya zuwa da SC, wanda shi ma nau'in sikila ne.

Za a iya ganewa kafin haihuwa?

Hoton ciki ba ya nuna sikila. Gwaje-gwaje biyu ne aka fi amfani da su. Na farko, ana ɗiban ɗan ƙanƙanin nama daga mabiyiya, wajen mako na 11 zuwa 14. Na biyu, ana zuƙo kaɗan daga ruwan da jariri ke ciki da siririyar allura, daga mako na 15. Dukkansu suna da ɗan haɗarin ɓari, suna da tsada, kuma sai a manyan cibiyoyi ake yin su. Ba dole ba ne. Ku zauna da likita ku biyun, ya yi muku bayani, sannan ku yanke shawara.

Kula da cikin

Jariri mai SS yana girma a ciki kamar kowane jariri, kuma cutar ba ta hana haihuwa da kanki. Ki riƙa zuwa awo a kan lokaci, ki sha folik asid da maganin ƙarin jini yadda aka rubuta miki. Ki kwana cikin gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa bayan wata uku na farko. Masu AS sun fi saurin kamuwa da ciwon mafitsara a lokacin ciki, don haka ki faɗa idan kina jin zafin fitsari.

Shirin bayan haihuwa

A nan ne sanin wuri yake ceton rai. Ki haihu a asibiti, ki nemi a gwada jinin jaririn. Lafiyar da kika gani a watannin farko kada ta yaudare ki: jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi, alamu ba sa bayyana sai wajen wata biyar zuwa shida. Saboda haka ne likita kan ce a maimaita gwajin bayan wata shida.

Idan an tabbatar SS ne, akan fara ba shi penisilin kullum tun yana wata biyu zuwa uku, tare da folik asid, kariya daga zazzaɓin cizon sauro da cikakken rigakafi. Ki garzaya da shi asibiti idan kika ga zazzaɓi, kumburin hannu ko ƙafa, ɗashewar tafin hannu, ko kumburin ciki. Kada ki tsaya ba shi jiƙo ko maganin kemis.

Yaran da aka gano da wuri, aka riƙa kai su asibitin masu sikila, da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. A awonki na gaba, ki je tare da maigida da takardun gwajinku.