Gasar Zakarun Afirka: Yadda Ake Yin Ta Da Lokacinta

Ya ku ɗalibai da iyaye, yau za mu yi bayani a kan Gasar Zakarun Afirka, wadda yara ke yawan gardama a kanta ba tare da sanin tsarinta ba.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ita ce ta fara shirya gasar a 1964, kuma Oryx Douala ta Kamaru ce ta fara ɗaukar kofin. A 1997 aka sake mata suna aka shigo da wasan rukuni. Ƙungiyoyi ne ke bugawa, ba ƙasashe ba. Kowace ƙasa tana aiko da zakaranta, sai ƙasashe 12 da suka fi ƙoƙari a shekarun baya, su ake ba gurbi biyu-biyu.

Matakan gasar kuwa uku ne. Na farko, share fage: ku je gidansu, su zo gidanku, a haɗa ƙwallaye, wanda aka rinjaya ya koma gida. Na biyu, ƙungiyoyi 16 da suka rage a raba su rukuni huɗu, kowace ta buga wasa shida. Nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya, biyun da ke sama su wuce. Na uku, sili-ɗaya-ƙwale: daga takwas a koma huɗu, daga huɗu a koma biyu, sannan wasan ƙarshe.

To, idan ƙwallaye suka zo daidai fa? Misalinsa shi ne abin da ya faru a 2009. Kano Pillars ta yi 1-1 da Al-Ahli ta Masar a gida, ta je Alƙahira aka tashi 2-2. Jimilla uku da uku ke nan, amma Pillars ce ta wuce don ta fi cin ƙwallo a gidan abokiyar karawa, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Al-Ahlin nan kuwa sau 12 ta ɗauki kofin tsakanin 1982 da 2024. Enyimba ta Aba ta kawo shi Nijeriya a 2003 da 2004.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi shafar mu. A da ana fara gasar a farkon shekara a gama wajen Nuwamba. Yanzu kuwa ana farawa wajen Agusta ko Satumba, a kammala wajen Mayu ko Yuni. Ka ga ke nan tafiyarta ɗaya da shekarar karatu. Wasanni da yawa kuma suna faɗowa da La'asar ko tsakanin Magariba da Isha'i, lokacin salla da hadda.

Saboda haka ɗalibin da ya ce sai ya ga kowane wasa, to, watanni tara zai yi yana yanke karatu. Wasa shida ake yi a rukuni, ba a fitar da kowa a rana ɗaya, sakamako kuma ba ya gudu. Ka yi sallarka cikin jam'i, ka kai haddarka, sannan ka tambayi yadda aka tashi. Iyaye kuma a sa ido a kan gidajen kallo, musamman inda ake cacar ƙwallo, domin caca haramun ce ko da ta naira hamsin ce.

Allah Ya yi wa karatunmu albarka, amin. Wassalam.