Yistin fanke da sankarar hanji

A Gidan Sori, cikin jahar Maraɗi, mai tuyar fanke takan zuba yisti a kwaɓi ta rufe, ya tashi. Yistin nan halitta ce mai rai. Kowace ƙwayarsa, kamar ta mutum, tana ɗauke da zaren gado wanda masana ke kira DNA. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafe zaren; in an yi kure, wani sashen gado mai suna MSH2 ke sa a gano shi a gyara.

A 1993, a Amurka, Richard Kolodner da abokan aikinsa suka bi sawun na yisti har suka iske irinsa a jikin mutum. Gidan da suka gaje shi a lalace, sankarar hanji takan bi zuri'arsu. Yau gwajin jini na iya nuna wanda ya gada tun ciwon bai taso ba.