Layin Dogo na Kewaye da Bukatar Gusau

Layin dogo na kewaye shi ne wanda yake zagaye birni ta bayan gari, yana haɗa unguwannin gefe da juna ba tare da fasinja ya kutsa tsakiya ba, kamar wanda aka buɗe wa fasinjoji a Mosko a 2016 mai tsawon kilomita 54. Irin wannan layi ba ya amfani sai inda mazauna gefe suke yawan zirga-zirga a tsakaninsu.

A Gusau, wadda ta zama babban birnin Zamfara a 1996, lamarin ba haka yake ba, domin garuruwan Tsafe da Mada suna gabas da ita, Bunguɗu kuma tana yamma a kan hanyar Sakkwato, saboda haka manomin da ya ɗoro buhunan masara a bayan mota galibi cikin garin yake nufa, ko ya ratsa shi ya wuce. Tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga, ya bi ta Tsafe da Gusau, kuma farfaɗo da shi ya fi layin kewaye dacewa da wannan tafiya.