An ɗaga mota, an manta da shokabzoba: Abin dubawa ga masu a-kori-kura a Gangara

Duk wanda ya san hanyoyin da ke fita daga ƙauyukan Gangara zuwa Gazawa, a jihar Maraɗi, ya san cewa mota ba ta samun hutu a kansu. Da rani yashin jigawa ne, da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya yanka hanya ya bar ramuka. Sai an hau babbar hanyar RN1, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram, sannan direba ke numfasawa.

Wannan ne ya sa masu Toyota Hilux da Land Cruiser da ke jigilar aya da wake da gero zuwa kasuwanni suke ɗaga motocinsu. Wasu su ƙara ganyen sifirin a baya, wasu su sa manyan tayoyi. Amma sau da yawa tsohon shokabzoba, wanda a garejin Nijar ake kira da sunansa na Faransanci amortisseur, yana nan yadda kamfani ya sa shi. Daga nan matsala ke farawa.

Aikin sifirin daban, na shokabzoba daban

Mutane da dama na zaton shokabzoba ne ke ɗaukar nauyin kaya. Sifirin ne ke ɗauka. Aikin shokabzoba shi ne hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. A cikinsa akwai mai da fistin mai ƙananan kafofi. Idan taya ta yi sama ko ƙasa, man yana matsewa ta kafofin, ƙarfin girgizar ya koma zafi, taya ta zauna a ƙasa.

Idan ya mutu, taya na yawan rabuwa da ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ga motar da aka ɗaga abin ya fi haɗari, domin nauyinta ya ƙara nisa da ƙasa, ta fi saurin kifewa a kwana, musamman idan an jibga buhuna, fasinjoji kuma sun hau kai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba.

A auna kafin a saya

Kowane shokabzoba na da tsawo biyu: idan ya miƙe gaba ɗaya, da idan ya shige gaba ɗaya. Da zarar an ɗaga mota ta wajen sifirin, tazarar da ke tsakanin wurin ɗaurinsa na sama da na ƙasa takan ƙaru.

Idan aka bar gajere, duk ramin da aka shiga zai miƙe har ƙarshe ya fizgi wurin ɗaurinsa, ana jin ƙara kamar bugun guduma, ƙarshenta ƙarfen ya tsage. Idan kuma aka sa wanda ya yi tsawo da yawa, zai ƙure tun kafin gadar mota ta taɓa robar da ke tare ta, nauyin kaya ya sauka a kansa, ya lanƙwashe ko ya fashe.

Saboda haka bakanike na ƙwarai zai ɗaga motar daga shasi, ya bar taya ta rataya, ya auna tazarar. Sannan ya lissafa tazarar da za ta rage idan gada ta kai kan roba. Da waɗannan lambobi biyu ake zuwa kasuwa, tare da samfurin motar da shekararta. Hilux da aka fara ƙerawa a 2005, alal misali, shokabzoban gabanta yana cikin sifirin mai murɗe, ya sha bamban da na tsofaffin da suka gabace ta. Galibin kayan ɗaga mota da kamfanoni ke sayarwa na milimita 50 ne, kuma suna zuwa da shokabzoban da ya dace da su. Idan kuwa gangar jikin motar kaɗai aka ɗaga daga kan shasi, tsawon shokabzoba bai canza ba.

Mai bututu biyu ko mai ɗaya?

Wanda aka fi samu shi ne mai bututu biyu. Yana da sauƙin kuɗi, kuma ko dutse ya ɗan lotsa bututun waje, zai iya ci gaba da aiki. Rauninsa zafi ne. A doguwar hanya mai gargada man cikinsa na yin kumfa, ƙarfinsa ya ragu.

Mai bututu ɗaya yana da iskar nitrojin da aka matse a wani sashe dabam da na mai. Ya fi saurin huce zafi, ya fi jure doguwar tafiya da kaya, amma ya fi tsada, kuma idan jikinsa ya lotse ya tashi aiki. Sanannun sunaye a fannin sun haɗa da KYB na Japan, Monroe na Amurka, Bilstein na Jamus, da Old Man Emu na Ostareliya, wanda aka sani da kayan motocin daji.

Kasuwa da jabun kaya

Yawancin kayan gyara na isa yankin ne daga Maraɗi, ko daga Najeriya, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya toshe wannan hanya har zuwa Maris 2024, lokacin da Najeriya ta buɗe iyakarta. Rufe iyakar Benin kuma ya tilasta wa 'yan kasuwa barin tashar Kwatano su zagaya ta Lome. Tsadar sabo na tura direbobi ga na gwanjo, ga kuma jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni.

Araha dai ba ta ado. Wanda zai sayi na gwanjo ya duba ko mai na tsiyaya a jikinsa, ko sandar ta yi tsatsa ko ta karce. Ya danna shi da hannu: ya kamata ya ji turjiya daga farko har ƙarshe, ba tare da wani wuri ya zarce ba. Mai iska kuwa zai miƙe da kansa idan aka sake shi. Sabon fenti ba shaida ba ne.

Ana canza su bibbiyu, na dama da na hagu tare, da sabbin robobin ɗauri. A ƙarasa ɗaure kusoshin bayan an sauke motar ta tsaya kan tayoyinta. A kuma duba tiyon birki, kada ya yi gajarta bayan ɗagawar. Masu ƙera shokabzoba na ba da shawarar a yi tunanin canji a wajen kilomita 80,000, amma a hanyar karkara da kaya masu nauyi, bai kamata a jira wannan adadi ba.

Ga 'yan ci-rani da ke Libiya ko Aljeriya ko Legas, masu turo kuɗi gida don gyaran motar da iyali ke ci da ita, tambayar da za a yi wa direba kafin a aika kuɗin ita ce: nawa aka ɗaga motar, kuma an auna? Hilux kayan da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Ƙarin ganyen sifirin zai hana bayanta zama, amma bai ƙara wa birki ko gada ko shasi ƙarfi ba, kuma babu shokabzoban da zai gyara lodin da ya wuce ƙima.